Mai Gyaran Gem da Katin Mamaci

Ɗana, tunda ka ce nauyi kake ji ka faɗa wa mai kawo aiki cewa ba ka san abu ba, gyara zama in ba ka misali.

An yi wani mai gyaran rediyo a bakin kasuwa, a zamanin da gem ya fara shiga gidaje. Ku ba ku riski irinsa ba. Ɗan akwati ne na roba, a sa wayarsa a ramin eriyar talabijin, a cusa masa kaset mai ruwan ɗorawa ta sama, sai ka ga ɗan mutum yana tsalle a kan bulo. In ya ƙi tashi, a zare kaset a hura masa iska, a goge bakinsa da auduga da ɗan fetur, a mayar. In ya rikice, a danna kowane maɓalli aka ga dama, don kaset ba ya riƙe komai naka balle ya manta, ko yaushe daga farko yake somawa. Mutumin nan ya ƙware a wannan har ana yi masa kirari, bencin ƙofar shagonsa ba ya rabuwa da 'yan kallo. Kansa kuwa ya kumbura, ya zama ko da wasa bakinsa ba ya furta "ban sani ba".

Shekaru suka ja, kaset ya kwanta, aka shigo da gem mai faifai. Shi wannan yana da ɗan kati da ake soka masa a gaba, wanda ke ajiye duk inda mutum ya tsaya da duk abin da ya gina. Wata rana da hantsi wani malamin firamare ya zo da irin wannan na'ura a cikin buhu, ya ciro katin daga aljihun gaba a naɗe cikin hankici. Ya ce shi da ƙanensa suka shekara biyar suna buga ƙwallo a ciki. Ƙanen ya zauna ya haɗa ƙungiya guda, ya sa wa kowane ɗan wasa sunan mutumin gidansu: mahaifinsu mai tsaron gida, kawunnansu 'yan baya, mahaifiyarsu ita ce kyaftin mai lamba goma, don ya ce ita ke raba wa kowa. Watanni huɗu da suka wuce ƙanen ya rasu a haɗarin mota. Tun daga nan tsohuwar kan ce a kunna mata, ba don ta san ƙwallo ba, sai don ta ga sunayen da ɗanta ya rubuta da hannunsa suna gudu a fili. Yanzu na'urar ta daina ganin katin. Mai gyara yana jin wannan duka da rabin kunne, idonsa na kan 'yan benci. Bai taɓa riƙe irin katin nan ba. Shago uku tsakaninsa da wani tsaransa da ya koyi aikin masu faifai, taku ashirin bai cika ba, amma ina, a ce shi ya je tambaya a gaban jama'a? Ya hura wa kati iska, ya goge da fetur, ya soka. Sai rubutu ya fito a talabijin, da zaɓi biyu a ƙasa. Na'urar 'yar gwanjo ce, rubutun na mutanen Japan ne, babu mai iya karanta shi a wurin.

Malamin ya ce, "Maigida, me yake cewa?"

Mai gyara ya ce, "Gaisuwa ce kawai, haka suke yi."

Ya danna na farko, yadda ya saba da kaset. Ashe tambaya na'urar ke yi ko a share katin a mayar da shi sabo, shi kuwa ya amsa mata da e. Nan take kati ya tashi, 'yan benci suka hau yabo, shi kuma ya gyara hula. Malamin ya karɓi abin dannawa ya shiga neman ƙungiyar. Ya duba nan, ya duba can, ya fita ya sake shiga. Wayam. Babu mai tsaron gida, babu lamba goma. Bai ɗaga murya ba, kuma da zagi ya yi ma da ya fi wa mai gyaran sauƙi. Ya zare katin, ya naɗe shi a hankicin nan kamar da sauran abu a ciki, ya ce, "Ba komai, maigida. Abin da zan faɗa wa tsohuwa nake tunani." Ya ɗauki buhunsa ya tafi. 'Yan benci suka zame ɗaya bayan ɗaya. Da yamma tsaran nasa ya ji labari, ya ce da an kawo masa, da ya fara kwashe abin da ke ciki zuwa wani katin, aikin da bai kai shan shayi ba.

Kada ka tambaye ni inda mai gyaran yake, ga shi zaune a gabanka. Shekara ashirin ke nan, in na hango malamin a masallacin Juma'a sai in sake sahu, shi kuwa har gobe shi ke fara miƙo mini hannu. Wallahi kunyar ba ta ragu ba. Kalma uku ce ta gagare ni, na share wa uwa abin da ya rage mata na ɗanta. Hausawa sun gama magana da suka ce girman kai rawanin tsiya.