Kumurcin Gindin Randa

"Kada a buge shi!" Uwaisu gardi ya ratsa matan gidan maƙwabcinsa a Gazara. Kumurci ne kwance a gindin randa, ga 'yar maigidan tana rarrafe kusa.

"Nawa ne, na cire masa haƙora. Saɓa zai yi, na manta ban jiƙa tsumman goransa ba, shi ne ya biyo danshi."

Ya ɗauke shi ya rataya a wuya yana dariya. Ai da shi zai yi wasan bikin 'yancin kai a Makarfi.

Da ya koma ɗaki, ya buɗe goran. Nasa na ciki, naɗe kan busasshen tsumma.

Na wuyansa ya fasa kai.