Garin da Ya Yi Kusa Daga Kan Tsauni

Kana ce mini tunda ka riga ka hango inda za ka, sauran mai sauƙi ne. To, gyara zama in ba ka misalin wani manomin shinkafa, mutumin fadama, wanda tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa hawa abin da ya fi rumbunsa tsawo ba. Ƙasarsu shimfiɗe take kamar tabarma. In ka hango kukar wani gari, sai ka tattare riga ka miƙe, kafin ƙishirwa ta kama ka kana gindinta. 'Yarsa tilo tana aure can ƙasar tsaunuka, wajen Mambila, ta haifi 'ya mace a gidan miji, don uwarta ta rasu, ba ta da wurin zuwa wankan jego. Surukin ya aiko da girmamawa cewa kaka ne zai zaɓi suna, ya zo da bakinsa ya raɗa wa liman. Manomi bai gaya wa kowa ba, amma sunan marigayiyar matarsa, Hansatu, shi ya ƙulle a ransa ya kama hanya. Jajiberin suna mota ta sauke shi a ƙauyen da titi ya ƙare, ya kwana a gidan wani makiyayi. Da gari ya waye mai masaukin ya nuna masa turbar shanu, ya ce, “Bi wannan, Malam. Za ka ga kamar ta ba garin baya, kada ka damu, haka take. Kafin hantsi ya dubi ludayi kana can.”

Turbar ta bi ta kafaɗar wani tsauni, ga ƙololuwarsa nan sama kaɗan, gajimare ya zauna a kanta. Nan fa ran bawan Allah ya motsa. Shin gajimaren nan taɓuwa yake yi? Jiƙe yake ko bushe? Me mutum zai gani daga can? Ya ce a ransa wanda ya zo har nan ya wuce bai leƙa ba, ai ya yi asarar tafiya. Ya saki turba ya kama hawa, yana dafa duwatsu, numfashi sama-sama. Da ya kai, sai ya tsaya baki buɗe. Gajimare ya ratsa shi ya bar masa laima a gemu. Tsaunuka sun jeru kore shar, wani bayan wani, har inda ido ya gaji. Kogi ya koma zare, garken shanu ya zama ɗigo-ɗigon fari a kan ciyawa. Sai ga shaho yana shawagi a ƙasa da shi, karon farko a rayuwarsa ya ga bayan tsuntsu yana tashi, ya fashe da dariya shi kaɗai kamar yaro. Ya yi ta tasbihi, murna ta cika shi, har ya so a ce Hansatu tana raye ya koma ya ba ta labari. Can hazo ya yaye, sai ga garin 'yarsa a ƙasa, rufin kwano yana ƙyalli, hayaƙin girkin suna yana tashi, har amon daka iska take kawo masa. Ya waiwaya ya ga turbar makiyayi ta yi wani dogon zagaye ta bayan duwatsu. Ya girgiza kai, ya ce lallai wanda shanu suka koya wa hanya ba ya gaggawa. Ga gari a tafin hannu, wa zai tsaya zagaye? Ya yi yadda ɗan fadama ya saba, ya sa gari a gaba ya miƙe.

Abin da ba a gani daga sama shi ne abin da ke tsakani. Bai yi nisa ba ciyawa ta shanye shi, gari ya ɓace. Ya ɓulla bakin wani kwazazzabo mai zurfi, ya gangara a zaune, ya haura da rarrafe, ya tarar da wani a gabansa wanda ya fi na farko. Zaren nan da ya gani kuwa kogi ne ya cika ya batse, yana ruri tsakanin duwatsu, babu mashiga. Ya bi gaɓa sama, ya bi ƙasa, takalmi ya tsinke, rana ta take tsaka. Daga ƙarshe dai, da haushi da kunya, ya sake hawowa ya nemi turbar shanun da ya raina, ita ce ta kai shi wata gadar itace ta sada shi da gari bayan la'asar. Ya iske an naɗe tabarmi, wanzami ya yi aski ya tafi, rago yana kan wuta. An jira shi har liman ya gaji da zama, dangin miji suka sa wa jaririya sunan gwaggon ubanta, Kubura. Da aka shigar da shi ɗakin mai jego, 'yarsa ta miƙa masa jaririya, ta sunkuyar da kai, ta ce a hankali, “Baba, ni ce na roƙi a bar maka zaɓin. A gidan surukai bakina ba zai iya neman sunan Inna ba, na san kai shi za ka kawo.” Tsohon nan ya rungume jikarsa, ƙafafunsa duk ƙaya da taɓo, hawaye na zubo masa.

Shi ya sa Hausawa suka ce, hangen Dala ba shiga birni ba ne.