Kwalba Mai Jan Zare

Ranar Asabar Inna Adama ta sake shanya rigar a bayan ƙyaure, inda idon maƙwabta ba ya kaiwa. Shuɗiyar riga ce haɗe da wando, irin ta makanikai, duk tabon baƙin mai, gwiwoyinta sun koɗe. Ta ɗanta ce, Musaddiq.

Duk Yalwawa an san ɗan Adama mai man gyaɗa malamin jami'a ne, don ita da ƙafarta ta bi gida-gida ta faɗa. Tun rasuwar mijinta, da mai da ƙuli-ƙuli ta riƙe karatunsa har ya zama injiniya, jami'ar da ya gama ta ɗauke shi mataimakin malami. To wane irin malami ne gwiwarsa ke koɗewa?

In ta tambaya sai ya ce, "Inna, aikin ke nan. Ni ke shirya injuna kafin ɗalibai su shigo, in nuna musu yadda ake yanka ƙarfe, in duba takardunsu. In sun tashi in share wurin."

Shara! Ga shi kuma bai tashi neman aure ba sai 'yar Farfesa Sani, Radiyya. Kawunnansa sun kai gaisuwa, an ce a dakata sai Juma'a, za a yi bincike. Inna ba ta taɓa ganin Farfesa ba, amma ta san manya: ofis a bene, babbar riga, direba. Ranar da ya leƙo ya ga mai neman 'yarsa da tsintsiya, magana ta mutu.

Litinin da hantsi ta zura kwalaben mai biyu a jaka, kowace da jan zaren da take ɗaura wa nata a wuya, ta hau adaidaita ba tare da ta gaya wa kowa ba.

Ta tagar wani dogon ɗaki mai ƙarar injuna ta hango shi. Ɗanta, durƙushe, yana kwashe garin ƙarfe da hannu, ɗalibai masu fararen riguna na tsaye a kansa. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Da ƙasa za ta tsage da ta shige.

A bakin ƙofa, kan benci, wani tsoho ne zaune cikin irin shuɗiyar rigar nan, tasa ma ta fi dauɗa. Tabarau na rataye a wuyansa da igiya, tarin makullai a ƙugu, yana goge wani ƙarfe da tsumma. Ɗalibai biyu suka wuce, suka rusuna har ƙasa. Inna ta ce a ranta, yaran nan da tarbiyya, har lebura suna gaisarwa.

"Baba, sannu da hutawa," in ji ta. "Kai ne mai sharar nan?"

Tsohon ya ɗago. "Ina taɓawa, Hajiya."

"Kana taɓawa! Kana zaune, mai digiri yana durƙuso?" Ta nuna da haɓa, don ɗan fari ne, ba ta kama sunansa. "Wancan dogon. Nawa ne."

"Allah ya raya. Yaron kirki."

Ta zauna a gefen bencin ta rage murya, ta zayyana masa komai: Radiyya, bincike, Juma'a. Ta buɗe jaka. Kwalba ɗaya, ya karɓi shara da goge-goge daga yau har Juma'a, kada yaron ya taɓa tsintsiya.

"Farfesan nan, kin san shi?"

"Me zai haɗa ni da shi? Suna can sama suna shan sanyi. Irinsu ko fartanya ba su taɓa riƙewa ba."

Tsohon ya yi tari, ya daɗe yana goge ƙarfensa. "Kwana biyar, Hajiya. Kwalba biyu."

"Biyu? Don ka ga biyu a jaka? Wannan man ba na kanti ba ne, da hannuna na matse shi. Ɗaya."

"Ɗaya da ƙuli."

"Wane haƙorin gare ka na ƙuli? Ɗaya, ka dawo mini da kwalbata. In ba ka so, leburori ba su ƙare ba."

Ya karɓa da hannu biyu. Ta tafi tana jin daɗin ta kare ɗayar.

Kwana huɗu rigar tana dawowa tsaf, amma Musaddiq ya daina cin abinci. Ranar Alhamis ya ture kwanon tuwo.

"Inna, ban san laifin da na yi ba. An hana ni taɓa tsintsiya. Wanda bai kamata ba shi ke shara, ni ina tsaye a gaban ɗalibai kamar in nutse."

"Kowa da matsayinsa," ta ce, tana ɓoye murmushi. "Ci tuwonka."

Juma'a bayan an sauko daga masallaci, mota ta tsaya a ƙofar gida. Hajiya Safiyatu ce, ƙanwar Farfesa, da goro da alawa. An ba su Radiyya. Inna ta rangaɗa guɗa yadda za a ji har ƙarshen layi.

"Yaya ya ce tun shekara biyu da suka wuce ya gama bincikensa," in ji Safiyatu. "Ya ce yaron da ke durƙusa wa aiki ba zai wulaƙanta mace ba."

Inna ta dube ta, ba ta gane ba.

Safiyatu ta buɗe jakarta, ta ajiye wani abu a kan tabarma: kwalba, wankakka tas, da jan zare a wuya.

"Ya ce kuma a dawo miki da wannan. Wai a gaya miki ya yi sharar har yau da safe, kamar yadda kuka yi ciniki."