Kofi Mai Jan Zare

Wallahi da idona na gani, ba labari aka ba ni ba. Shekara ashirin da biyu ina gadin makarantar nan, ko ƙuda ya shigo sai ya gaishe ni.

Ranar Talata ce wata malama mai gilashi ta zo koya wa 'yan aji biyar haƙƙin ɗan Adam. Ni na ɗaukar mata kwalin takardu har zaure, ta ce, "Sannu Baba." Ta rubuta a allo, aka karanta mini: kowa daidai yake da kowa. Na ce to, madalla, a faɗa wa mai ɗakina.

Ta raba wa yara arba'in farar takarda. Ta ce kowa ya rubuta wariyar da ya gani da idonsa a makarantar, amma ban da suna. Firinsifal na zaune a gaba. Don ya burge baƙuwa, ya miƙe ya rantse: duk ma'aikacin da aka samu da laifi, yau zai kwashe kayansa.

Ni na zagaya da kwalin na tattara. Ina isa bakin taga iska ta fizge takarda ɗaya, ta yi sama da ita, ta haye katanga. Saura talatin da tara.

Malamar ta fara karantawa. Ta farko, a kan wata yarinya ce mai farfaɗiya. Ta biyu ma ita. Ta uku ma ita. Yarinyar na can kujerar ƙarshe, babu kowa a dama, babu kowa a hagu.

"An ware mata kofi a wurin shan ruwa, an ɗaura masa jan zare."

"Ya ce mana duk wanda yawunta ya taɓa, ya kamu."

"In ta taɓa abu, sai ya wanke hannunsa."

Malamai suka fara satar kallon malamin lissafi, wanda yara ke kira Sabulu. Bawan Allah, alli ke tsattsage masa fata, shi ya sa kullum yana bakin famfo. Makon nan matarsa ta haihu a gidajen malamai, ko suna ba a yi ba.

Malamar ta buɗe wata, muryarta ta yi ƙasa. "Ranar da ta faɗi a fili, ya zana da'ira a ƙasa ya zagaye ta, ya ce kada kowa ya tsallaka. Tana ta bugun ƙasa har goshinta ya fashe."

Firinsifal ya cire hula ya goge zufa. "Da'ira? Wa ke zana da'ira a makarantar nan?"

Sabulu ya ja da baya har bakin ƙofa, kusa da ni. "Ranka ya daɗe, a allo nake zanawa!"

Firinsifal ya ce, "Yara, ku faɗi sunansa."

Na dogara da sandata ina dubansu ɗaya bayan ɗaya, masu tsallake katanga da masu makara, duk na san su. Duk wanda na kalla sai ya sunkuyar da kai.

Malamar ta je wurin yarinyar ta durƙusa. "'Yata, ba sai kin yi magana ba. Yana nan?"

Yarinyar ta ɗaga ido a hankali, ta dubi bakin ƙofa.

Shi ke nan. Sabulu ya yi rantsuwa har muryarsa ta dushe, babu mai saurare. Kafin la'asar an ɗora katifarsa a kan mota, matarsa na rungume da jariri tana kuka. Ni na buɗe musu get, har addu'a na yi musu. Washegari malamar ta tsinke jan zaren da hannunta, ta sha ruwa da kofin a gaban kowa, aka yi ta tafi.

Duk abin da na faɗa haka ya faru, sai abu ɗaya da na ƙara don miya ta yi daɗi: iskar nan. Ranar ko ganye bai motsa ba. Ban yi boko ba, amma na gane kalmar da yarinyar ta rubuta, wato "maigadi", don ita ce rubuce a jikin ƙofar ɗakina na bakin get, kuma takardar na nan cikin hulata har yau, tare da ragowar jan zaren.