Kwana Huɗu Cikin Shuɗi

Tsohon direban ya daɗe a banɗaki da safen nan, har shayinsa ya huce a kan tebur. Da ya fito sai ya nemi bakin gado ya zauna. Shekara talatin yana jan babbar mota bai taɓa tsorata haka ba. Fitsarinsa ya fito shuɗi, shuɗi sosai, kamar ruwan bula.

Jiya-jiya ya je asibiti saboda zafin fitsari. Shi kuwa mutum ne da bai iya bin layi ba, don haka da likita ya rubuta magani sai ya miƙa wa matarsa takardar, ya tafi inuwa yana jiranta. Ita ta karɓo, ita ta juye ƙwayoyin a wata tsohuwar kwalba, ita ke miƙa masa safe da yamma.

Ya kira ta, ya faɗa mata cikin raɗa. Ta gyara ɗankwali, ta ce Allah ya kyauta. Ya ce ba zai koma asibiti a kwantar da shi a yi ta tsira masa allura ba, in tafiyar ce gara ta same shi a gadonsa. Ba ta matsa masa ba.

Abin da ya dame shi fiye da mutuwar kuwa shi ne ya tafi da haƙƙin baiwar Allahn nan a wuyansa. Da yamma ya riƙe hannunta, ya ce madubin kabad ɗinta ba iska ce ta fasa shi ba, gwiwar hannunsa ce.

"Na yafe, Baban yara," in ji ta. "Sai kuma me?"

Washegari launin ya ƙara kama jiki. Ya ce sau uku yayanta yana zuwa, shi kuma yana ce masa ta yi tafiya, alhali tana ɗaki tana barci. Ta yafe, ta miƙa masa ƙwaya da ruwa, ta ja kujera kusa.

A rana ta uku ya kai ga babban. Shekara bakwai ke nan tana tambayarsa ina kyanwarta ta shiga, shekara bakwai yana rantsuwa bai sani ba. Yau dai, hawaye na bin gemunsa, ya ce shi ya sa ta a kwali ya sauke ta a wata tasha mai nisa, don ta hana shi sakat a kujerarsa. Wannan karon sai kawai matar ta tashi ta wanke kofi.

A rana ta huɗu babbar 'yarsu ta zo, ta iske uban yana raba wa maƙwabta hulunansa. Ba ta saurare shi ba, ta tasa shi gaba sai asibiti. Ya ajiye 'yar kwalbar fitsarin a gaban mai ba da magani, naɗe cikin hankici, ya ce ta faɗa masa gaskiya, shi ba yaro ba ne.

Mai ba da maganin ta duba katinsa, ta danne dariya da ƙyar. Ta ce akwai wani shuɗin rini a cikin maganin, irin wanda suke rina ƙwayoyin cuta da shi a ɗakin gwaji don su fito sosai a madubin likita, har wani ciwon jini ake warkarwa da shi. In ya gama aikinsa, ta fitsari yake fita. Lafiyarsa ƙalau.

Direban ya fusata, ya buga tebur, ya ce wane irin sakaci ne wannan, a ba dattijo abu irin haka ba a yi masa bayani ba.

"Ai na yi, Baba," in ji ta. "Sau biyu na yi wa Mama bayani, har ta tambaye ni kwana nawa launin zai ɗauka kafin ya wuce."