Sunan Baba Bai Amsa Tambaya Ba

Har yau, idan Auta ya bi ta ƙofar maɗaba'ar nan sai ya rage tafiya. Ƙanshin tawada da sabuwar takarda kan tuna masa yarintarsa, lokacin da ma'aikata ke tsokanarsa da "ƙaramin manaja", suna ba shi yankakkun takardu ya yi zane. A gidajen ma'aikata da ke bayan maɗaba'ar aka haife shi, ƙarar injin da babansa ke tuƙawa ita ta rene shi.

Da Baba ya kusa ritaya, sai aka buɗe gurbi a sashen tsara shafuka. Auta ya nema, aka kira shi intabiyu. Gida ya cika da murna, don a ƙa'ida ma'aikaci kaɗai ake bai wa gidan. In Auta ya samu aikin, ba inda za su je.

Yayarsa, wadda malamar makaranta ce, ta ce ya zo su zauna ta gwada shi da tambayoyi. Baba ma ya shawarce shi ya leƙa ya ga sababbin na'urorin da aka kawo. Auta ya yi dariya.

"Haba Yaya, ni za a ƙure a wurin nan? Ko ido a rufe na san inda kowace ƙusa take."

Ranar intabiyu ya shiga da fara'a, sai ya tarar da baƙin fuskoki a bayan tebur. Shugabar kwamitin ta tambaye shi da wace manhajar kwamfuta yake tsara shafi, ya hau kame-kame. Aka tambaye shi me maɗaba'ar ke bugawa yanzu, ya lissafo abubuwan da aka daina tun yana firamare. Da ya ga an ƙure shi, sai ya ce ai shi ɗan babban mai injin ne.

Shugabar ta dube shi cikin tausayawa. "Mun san babanka, muna ganin girmansa. Amma kai muka kira, ba shi ba."

Wata budurwa da ta zo daga nesa, ta shirya tsaf, ita aka ɗauka.

Ranar da suka tashi daga gidan, Inna tana naɗe kwanuka a tsofaffin zannuwa tana share hawaye da gefen mayafi. Maƙwabtan da suka tsufa tare suka yi cirko-cirko a tsakar gida. Auta ya so Baba ya yi masa faɗa, ko ya ji sanyi a ransa. Baba bai yi ba. Ya dai kama ƙafar gado ya ce, "Kama can, ɗana, mota na jira."

A ɗaki biyu na haya a ƙarshen gari Baba ya ƙarasa kwanakinsa.

Jama'a, sanayya ba ta amsa tambaya a gaban kwamiti. Wanda aka kira intabiyu ya binciki wurin, ya gwada kansa, ya shirya kamar ba wanda ya san shi, domin abin da zai rasa ba nasa ne shi kaɗai ba.