Shafin Baba

Ta rubuta sunan mahaifinta a gurbin da manhajar ta ware wa sabon adireshin shafin intanet, ta danna maɓallin ƙarawa. Minti huɗu kacal aikin ya ci.

Shekara uku ke nan da ya fara roƙonta. Tun da ya ajiye koyarwa yake son shafin intanet da zai zuba darussan lissafinsa, ko ɗalibai sa amfana. Ita da take buɗe wa mutane shafuka kusan goma a mako, kullum amsarta ɗaya ce: "Sai na samu sarari, Baba." Shi kuwa sai ya yi dariya ya ce, "To, a sa ni a layi." Amma tun da mantuwa ta fara kama shi bara, bai ƙara tambaya ba.

Da sunan ya bayyana a jerin adiresoshin, ta ɗauki kwamfutar zuwa falo, ta durƙusa gaban kujerarsa.

"Baba, ga shafinka. Duba adireshin."

Ya gyara zaman tabarau, ya bi haruffan da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ya daɗe yana kallo. Sannan ya dube ta da irin fara'ar da yake yi wa baƙi.

"Aiki ya yi kyau, baiwar Allah. Mai sunan nan ɗan'uwanki ne?"